Sharhi: filtar soso da filta mai mota a ranar canjin ruwan kifin ado

Filta iri biyu na yi amfani da su a akwatin gilashi mai cin lita 100 a nan Bauchi: mai mota wadda ake nutsarwa cikin ruwa, da ta soso wadda injin iska ke hura wa. Duka suna tacewa, amma in aka zo batun canjin ruwa, ta soson na fi yarda da ita.

Mai motar akwai ƙarfi. Wadda aka rubuta wa lita 400 a awa tana juya ruwan akwatin sau huɗu, datti ba ya daɗewa. Matsalarta, ruwan da take ciki shi ke sanyaya motar, shi ke kuma sa 'yar fankar ciki ta juya ba gogayya. Yawanci can sama ake manna ta, don haka da ka zuƙe lita 25 da tiyo, kanta ya fito fili. Nan take za ka ji tana kurkura, tana feso kumfa. In aka bar ta haka sai ta ɗau zafi, sandar fankar ta cinye, daga baya ta riƙa ƙara dare da rana. A cire ta daga soket kafin a sa tiyo, ko a zame ta ƙasa yadda ruwa zai rufe ta gaba ɗaya.

Masu gudun kashewa tsoron mutuwar bakteriya masu amfani suke, waɗanda ke zaune cikin soson da ke cikin filtar suna sarrafa amoniya, gubar da kifi ke fitarwa. Kashewar minti 20 ko 30 ba ta yi musu komai, muddin soson na jiƙe. Abin da ke karya su shi ne awanni babu iska, irin na doguwar ɗaukewar wuta.

Ta soson kuwa a ƙasa take zaune, injinta na waje, ruwa ya ragu da kashi 30 cikin ɗari ma tana nan tana aiki. Raunin da na gani, ba ta kwashe ƙananan datti da sauri, injin kuma yana ƙugi. Lallai a sa mata bawul mai hana ruwa komawa, ko a ɗora injin sama da akwatin. In ba haka ba, ana ɗauke wuta ruwa na iya bin siririn tiyon ya shiga injin. Wankinta matsewa ce kawai cikin bokitin ruwan da aka cire, sau uku ko huɗu. Kada a kai ta bakin famfo.

Ga inda ake yawan ɓarna: filta na aiki, a kwararo ruwan famfo kai tsaye. Ruwan madatsar Gubi da ke zuwa gidajen Bauchi tatacce ne, ana sa masa kulorin, filtar kuma za ta ja shi ta cikin soso ya kashe bakteriyar. Maganin da ke kashe kulorin a bokiti ake zuba shi, gwargwadon abin da ke jikin kwalbar, sannan a juye a hankali. Ruwan burtsatse ba kulorin, sai dai na tankin sama a watan Maris da Afrilu kan yi zafi sosai da rana. A ɗebe shi da safe a ajiye a ɗaki.

Da hunturu, mai hitar ɗumama ruwan akwatin ya kashe ta minti 10 kafin ruwa ya sauka, don gilashinta na tsagewa in ta fito fili da zafi.