Garejin da ya gano abin da ya karkatar da Corolla ɗina

Maƙwabcina ne ya fara lura. Na fito da safe ina goge gilashi, ya tsaya daga bakin ƙofarsa ya ce, "Malam, wai motar nan ɗingishi take yi ne?" Da na ja baya na duba, sai ga gaban ya kwanta ta ɓangaren direba, kamar mai ciwon ƙugu. Kwana uku ke nan da aka yi mata aikin ƙafa: shakazoba biyu na gaba da bushin ɗin lowa-am, wato robar da ke jikin ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da jikinta. Corolla ce ƙirar 2006, kuma kafin aikin ƙara kawai take yi a gargada, tsayuwarta lafiya lau.

Na koma wurin wanda ya yi aikin. Ya ce in yi haƙuri, sabon kaya ne, zai zauna da kansa. Bayan mako biyu ya ce shakazoba ɗin hagu ne jabu, in sayo wani. Nan na ɗauke ƙafa, na nufi wani gareji da abokin aikina ya daɗe yana yabo. A kansa nake wannan sharhi.

Abin da ya fara burge ni, ogan bai taɓa sifana ba sai da ya yi awo. Ya ce filin garejinsu ba daidai yake ba, don haka muka kai motar kan siminti a wani gidan mai da ke kusa. Ya sa na sauke jarkokin ruwa biyu da ke but, mai faci ya daidaita iskar tayoyi huɗu da geji, sannan ya danna kowace kusurwa ya saki, ya gangara da motar gaba da baya kaɗan. Sai ya ciro tef. Bai auna daga ƙasa ba, daga tsakiyar wili ya auna zuwa bakin bodin da ke saman taya, wai don kada tayar da ta sha hanya ta yaudare mu. Dama ta fi hagu da santimita 2.5. Ta bayan motar ma akwai ɗan bambanci, amma ya ce kusurwa ɗaya in ta tashi, wadda ke kallonta ta gicciye sai ta sauka, kada in tsorata.

Na kawo masa maganar shakazoba na jabu, ya yi dariya. "Yallaɓai, shakazoba ba ya ɗaukar nauyin mota. Sifirin ne ke ɗauka, shi shakazoba aikinsa hana ta rawa." Wannan magana kaɗai ta hana ni zubar da kuɗi a banza.

Da muka koma gareji ya kwance linkej ɗaya na sitabilaiza, wato mahaɗin sandar da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, ya sake awo, bambancin na nan, ya ce to ba daga nan ba ne. Ya duba ɗigon fentin da ke jikin sifirin biyun, don a kayan Beljiyam ana yawan haɗa na mota mai injin daban da na wata, tsawo ɗaya a ido amma ƙarfi daban. Nawa iri ɗaya ne. Sai ya haska tocila ƙarƙashin na dama ya kira ni. A farantin da sifirin ke zama akwai ɗan gurbi da wutsiyarsa ke faɗawa. Tawa wutsiyar ta hau kan tudun, ta bar gurbin fanko, har robar ƙasan ta tauno. Ashe hagun da nake ta zargi ba ta da laifi, dama ce ta yi sama.

Akwai kuma na biyu. An ɗaure kusoshin lowa-am tamau tun motar tana rataye a jak, shi ya sa da aka sauke ta robar bushin ta murɗe ta riƙe. Ya sassauta su, ya sauke motar a kan tayoyinta bisa rami, sannan ya ɗaure. Ya ce da na ci gaba da hawa haka, sabbin bushin ɗin ba za su yi ƙarko ba. Awon ƙarshe, bambancin bai kai rabin santimita ba.

Inda ban ji daɗi ba: na shiga da hantsi, ban fito ba sai bayan la'asar, don ogan shi kaɗai ke wannan binciken, yaran sai ɗauko wannan miƙo wancan. Wurin zama benci ɗaya ne a rana. Kuɗin aikinsa ya kusa ninka na garejin farko, kuma ba ya karɓar ciniki. Ba su da injin alaimen na saita tayoyi, sai da na sake neman wani wuri washegari, domin an taɓa ƙafa dole a saita. Robar da ta tauno ma ni na hau Adaidaita zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano na nemo ta.

Zan koma wurinsa in dai maganar ƙafa ce. Juyen baƙin mai kuwa, ba zan kashe wuni guda a bencin nan ba.