Wasiƙa zuwa Maraɗi: Abin da Na Gani a Harkar Layukan Waya da Waifai a Legas

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyali da duk mutanen gida, ina sanar da kai cewa saƙon muryarka ya iso, kuma na saurare shi har sau uku. Na ga amsarsa ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna bayan sallar isha'i na rubuta. Ka ce kana son kafa wurin sayar da waifai, wato intanet ɗin da waya take kamawa daga na'ura ba tare da igiya ba, kusa da tashar mota, kuma wani ya ba ka labarin cewa a Ikko, wato Legas, intanet kyauta ce a kan titi, kamfanonin waya kuma suna ta kokawa da juna har data ta kusa zama sadaka. Shekarata tara ke nan ina kwana a Agege ina yini a kasuwar wayoyi ta Computer Village da ke Ikeja, inda nake sayar da caja da gilashin waya, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Bari in fara da kamfanonin, domin a nan labarin da aka ba ka yake da ƙamshin gaskiya. Dattawanmu na Zangon Agege suna yawan tuna zamanin NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, lokacin da samun layin tarho a gida sai wanda ya san wani. A shekarar 2001, zamanin Obasanjo, gwamnati ta yi gwanjon lasisin wayar salula, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekarar. Layin da muke kira pus a gida, nan kuma suke cewa sim, a lokacin dubban nairori ake sayar da shi, kira kuma naira 50 ne kowane minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. A 2003 sai Glo, kamfanin attajirin nan Mike Adenuga, ya shigo da lissafin daƙiƙa, sauran kuma ba su da yadda za su yi sai suka bi sahu. Duk wanda ya ga wannan lokacin zai gaya maka a nan ne talaka ya fara ɗanɗana amfanin gasa, domin daga nan kuɗin layi ya yi ta sauka har ya kai matsayin da mai tura baro ma yake da lambarsa. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sauya suna har ta zama Celtel, ta zama Zain, ta zama Airtel a 2010, sunayen da ka sani sarai domin haka muka gan su a allunan Maraɗi. Etisalat ta zo a 2008, ta koma 9mobile a 2017, a 2025 kuma ta sake suna zuwa T2.

Ka ga ke nan ta fuskar yawa babu bambanci da gida: nan huɗu, can ma huɗu, wato Airtel da Moov da Zamani, wadda ta gaji Orange, da Niger Telecom. Bambancin yana ga girman kasuwa da kuma yadda aka raba ta. MTN kaɗai tana riƙe da fiye da rabin layukan Najeriya, Airtel tana da wajen kashi ɗaya cikin uku, sauran biyun suna raba abin da ya rage. Idan manya biyu suka cinye kasuwa haka, gasar takan koma ta kwalliya: wannan ya ba ka datar dare da ba ta aiki sai bayan kowa ya yi barci, wancan ya ba ka kunshin da WhatsApp da Facebook kaɗai yake buɗewa, wani ya ninka maka katin da ka sa amma kyautar ta ƙare cikin 'yan kwanaki. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC, takwarar ARCEP ɗinmu, ta amince wa kamfanonin su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, ƙari na farko irinsa tun 2013. Hujjarsu ita ce faɗuwar naira da tsadar man dizal da ake zuba wa injinan turakun sabis, kuma ni da nake sayen kaya da farashin dala ba zan ce ƙarya suke yi ba. Amma abin lura shi ne, da ƙarin ya zo babu inda mutum zai gudu, domin duk inda ka juya ka tarar da shi. Wannan shi ne labarin datar da aka ce maka ta kusa zama sadaka.

Hukumar ta yi wasu abubuwa da suka burge ni, kuma da za a kwaikwaye su a ko'ina da an huta. Tun 2013 mutum yana iya ɗaukar lambarsa daga wani kamfani ya koma wani ba tare da ta canza ba, kyauta, sai dai ya jira wani lokaci kafin ya sake ƙaura. A 2023 aka haɗe lambobin dannawa suka zama iri ɗaya a kowane layi: *310# don duba kuɗi, *311# don sa kati, *312# don sayen data. Ga kuma 622 don kai ƙara. To amma a cikin abokan sana'ata da masu gadi da masu facin takalmi da na sani, ban ga wanda ya tsaya ƙaura da lamba ba. Kowa waya mai layi biyu yake riƙewa, wani ma wayoyi biyu, ya bar layi ɗaya don kira da saƙon banki, ɗayan don data, idan wannan ya ɗauke ya juya ga wancan. Shi ya sa Tecno da Infinix da itel suka mamaye kasuwarmu: sun gane tun da wuri cewa mutumin nan yana son rami biyu na sim da batir mai juriya. A ganina gasar gaske a aljihun mutane take faruwa, kowace safiya, lokacin da mutum zai zaɓi layin da zai ba wa kuɗinsa.

Ni kaina na taɓa sayen datar wata guda a wani layi, ta ƙare cikin kwana goma sha ɗaya. Na kira su, wata mai murya mai daɗi ta ce wayata ce take sha a ɓoye, ta lissafa mini abubuwan da zan kashe. Na kashe su, wata na gaba ta kai kwana goma sha huɗu. Ban yi gardama ba, na dai mayar da layin na amsa kira kawai.

Yanzu ga maganar waifai, wanda ku a can kuke furtawa wifi. Labarin intanet kyauta a titin Legas yana da tushe, sai dai tushen ya bushe. A watan Yulin 2018 kamfanin Google ya ƙaddamar da abin da ya kira Google Station a nan Legas, ya sa waifai kyauta a wasu wuraren taruwar jama'a, ciki har da kasuwarmu ta Computer Village da babban kantin Ikeja City Mall, da niyyar kai wurare 200 a birane biyar kafin ƙarshen 2019. Na ga yadda samari suke cincirindo a inda sabis ɗin ya fi ƙarfi, kowa kansa a sunkuye. A farkon 2020 kamfanin ya sanar da rufe shirin a duk ƙasashen da yake yinsa, yana cewa data ta yi sauƙi, kuma da wuya shirin ya riƙe kansa. Facebook ma ya yi irin nasa mai suna Express Wi-Fi, wanda ake biyan kuɗi kaɗan, shi ma aka naɗe shi a 2022. Ina so ka tsaya a kan wannan, Yaya, domin ya shafe ka kai tsaye: kamfanonin da kuɗinsu ya fi kasafin ƙasashe da dama sun gwada raba intanet a bainar jama'a, suka ga lissafin bai fita ba.

Abin da ya rage a yau shi ne waifan da yake bayan ƙofa. Akwai shi a otal-otal da ofisoshi da wasu gidajen cin abinci na Ikeja da Victoria Island da Lekki, amma yana da lambar sirri, kuma ba a ba ka ita sai ka sayi abin da kuɗinsa ya fi na datar mako. Mai dakon albasa a kasuwar Mile 12 ko mai sayar da raguna ba ya shiga waɗannan wuraren. Waifan da mutanenmu suka sani shi ne na junansu. A ɗakin da muke kwana mu shida, wanda ya samu ciniki ranar shi yake sayen data ya buɗe hotsifot, wato ya raba ta daga wayarsa, sauran su jingina da shi, gobe wani ya karɓa. A layin shagunanmu kuma mukan haɗa kuɗi mu biyar mu sayi 'yar na'urar nan mai girman sabulu da ake sa wa sim, a rataye ta a ƙusa, kowa ya sha. Rigimarta ɗaya ce, kuma ba ta canzawa: kullum akwai wanda yake kallon bidiyo har gari ya waye, kuma kullum kowa ya ce ba shi ba ne.

Akwai dalilin da ya sa ko kyautar ma mutane suke ɗari-ɗari da ita. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma tiransifa da na'urar POS, har mai shayi yana da lambar asusu a manne a teburinsa. Wayar mutum ta zama lalitarsa. Masu gyaran waya na kasuwarmu kullum suna jan kunnen mutane kada su buɗe manhajar banki a kan waifan da ba su san mai shi ba, domin ɗan damfara yana iya buɗe nasa ya raɗa masa sunan kanti ko na otal. Idan ka buɗe naka wurin, wannan amana ce da za ta hau wuyanka.

Inda Legas ta fi mu nesa ba kusa ba shi ne teku. Manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin ruwa a nan suke fitowa: MainOne da Glo-1 a 2010, Equiano ta Google a 2022, da wasunsu. Nijar kuwa ba ta da gaɓar teku, sai igiya ta ratso ƙasashen maƙwabta kafin ta iso mu, kuma kowane mataki da kuɗinsa. Shi ya sa saƙon bidiyon da nake turo maka cikin ƙiftawar ido, kai kake jiran saukarsa har shayi ya huce. MTN ta fara 5G, sabis mai saurin gaske, a nan a 2022, ko da yake wayoyin da suke ɗaukarsa sun fi ƙarfin yawancinmu. Amma teku ma yana da ranarsa. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi, igiyoyi huɗu suka lalace a ruwan Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, manhajojin wasu bankuna suka tsaya. Ranar na ga mai kuɗi a asusu yana neman rancen kuɗin buɗa-baki.

Game da shirinka, ga abin da nake gani. Rashin da kuke fama da shi a gida shi ne kasuwarka, domin inda rezo, wato sabis, yake da rauni kuma mega, wato data, take da tsada, wanda ya kawo intanet mai ƙarfi a inuwa zai samu masu saye, abin da mai irin wannan sana'a a Ikeja ba zai samu da sauƙi ba tunda kowa da datarsa a aljihu. Starlink, mai ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma na san ta iso Nijar. Amma kafin ka sayi kwanonta ka je ka tambayi ARCEP sharuɗɗan sayar wa jama'a, kada ka kafa jari a kan abin da za a zo a kwance. Sannan ka sa wuta a gaban komai. A nan na ga wuraren da suka mutu ba don rashin masu saye ba, sai don kuɗin man janareta ya cinye ribar, musamman bayan cire tallafin mai a 2023. Ku kuwa rana ba ta yi muku rowa ba, saboda haka ka fara da sola da batura masu kyau, ka haɗa da cajin waya, domin matafiyin da ya zauna jiran wayarsa ta cika shi ne zai sayi tikitin awa ɗaya. Kada ka yi kyauta da sunan jawo mutane, kuma ka sa wa kowane tikiti iyaka.

Batun ɗanka na fari da kake son turowa ya koyi gyaran waya, ina maraba da shi, sai dai ya zo da takardunsa cikakku. Tun Disambar 2020 gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaida ta NIN, an kuma toshe layuka masu yawa a kan haka. Baƙon da yake zaune bisa ƙa'ida yana iya yin rajistarta, amma kada ya kuskura ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, komai arharsa, domin duk laifin da aka yi da lambar a kansa zai faɗa.

Na saya maka na'urar rarraba waifai guda biyu da igiyoyinsu, na gwada su a shago suna aiki. Zan ba direban da yake kawo albasa Mile 12 idan zai koma, kuma takardar sayen tana cikin kwalin saboda masu binciken hanya. Idan sun iso ka kira ni a layina na biyu bayan magariba, domin na farkon ba ya kamawa a cikin ɗakinmu sai na fito bakin titi. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan.

Wassalam, ƙaninka, daga Agege.