Maganin jan wuta in za a fita daga mota: me ya cancanci kuɗinka?

Yawancin shekara iskar Legas cike take da laima, shi ya sa direbobi da yawa a nan ba su san wannan matsala ba sai hunturu ya sauko, daga Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin ne mutum zai faka a Agege ko Obalende, ya miƙa hannu zai rufe ƙofa, ya ji tsit a yatsa kamar an soka masa allura. Wanda ke wuni a gosulo da Esi, wato na'urar sanyaya mota, a kunne yakan gamu da ita ko ba hunturu, domin Esi na tsotse laimar cikin mota. Masu lodin Arewa kuwa, da zarar sun wuce Jebba a watan Janairu abin yake tsananta.

Kafin ka sayi komai, ka san inda wutar take. Ba daga batir take ba. Bolt 12 ba ya jan mutum. Tufafinka ne ke gogar kujera, idan ka ɗaga bayanka za ka tashi sai caji ya rabu biyu, rabi a kujera, rabi a jikinka. Takalmin roba ya hana shi bin ƙasa, busasshiyar iska ta hana shi zirarewa. Sai ya kai wajen bolt 3,000 kafin mutum ya ji shi, kuma yakan haura 10,000. Kana kusantar ƙarfe ya yi tsalle. Ma'aunin kowane kaya ke nan: ko ya hana cajin taruwa a kujera, ko ya sauke shi daga jikinka a hankali. Abin da bai yi ɗaya cikin biyun ba ado ne.

Rigar kujera ta auduga ita ce gaba da komai, domin tana kama matsalar daga tushe. Auduga na shan laima daga iska da gumin jiki, wannan ɗan damshin ne ke ba caji hanya ya watse kafin ya taru. Ba ta buƙatar ka tuna da komai, fasinja da yara duk suna amfana, kuma tana raba ka da zafin kujerar da ta sha rana. Ka nemi yadi mai kauri irin na kaki ko na jins, a ɗinka shi ya rufe mazauni da majingina, domin a baya ne aka fi samun guga. A wanke yadin kafin a yanka, saboda auduga na tsukewa a wankin farko. Wanda ya ɗinka ba wanki, rigar za ta ƙi shiga daga baya. A sa igiya ko roba ta ƙasa ta ɗaure tam, don rigar da ke zamewa kan kujerar nailan ita ma tana tara caji. Sannan ka duba gefen majingina: idan akwai alamar jakar iska ta kariya, dole mai ɗinki ya bar gefen nan a buɗe. Wannan batun rai ne, kar a yi wasa da shi. Fata ta gaskiya ma tana da kyau, sai dai tsada.

A nan ne cuta ta yi yawa. Mafi yawan rigunan kujera da ake ratayewa a kasuwar kayan mota ta Ladipo da bakin titi foliyesta ne, mai laushi da sheƙi, kuma za a rantse maka auduga ce. Irin wannan ƙara jan wutar yake yi. Abin da ake kira fata a kan araha leda ce da aka yi wa zane. Kar ka yarda da rubutun jikin fakiti. Ka nemi a ba ka ɗan ƙyalle ko zare daga cikin ɗinki, ka fita fili nesa da mai, ka ƙona da ashana. Auduga na ci kamar takarda, warinta na takarda, tokarta na murtsukewa. Foliyesta na narkewa, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, da warin roba. Idan ya yi toka kuma ya bar ɗan ƙwallo, gauraye ne. Ɗigon ruwa ma na taimakawa: auduga wankakkiya na shanyewa nan take, leda kuwa ruwan zai tsaya a kai. Mai shagon da ya hana a gwada, ka yi masa sallama. Wata dabarar ita ce a nuna maka samfurin auduga, a ɗinka da wani yadin, don haka ka sake gwadawa ranar karɓa, kafin ka cika kuɗi.

Auduga a kujera ba za ta gama aikin ba idan kai kana sanye da suwaita ko jallabiyar roba. Shadda ta auduga ta fi su sauƙi nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne ɗan maƙalin makulli mai sauke caji. Ana riƙe ƙarfensa, a taɓa bakinsa da bodin mota. Akwai abin rage gudun wuta a ciki, sai cajin ya wuce ba zafi, wani ma da ɗan ƙwai mai ƙiftawa. Na gaske yana aiki, amma sai ka tuna. Na jabu fanko ne, ko kuma an sa masa batir: idan fitilar na kamawa duk lokacin da ka danna, ko ba ka tashi daga kujera ba, abin wasan yara ne. Makullin ƙarfe ma na yin kusan haka, tunda tartsatsin a bakinsa zai fita.

Feshi na aiki na ɗan lokaci. Marfi ɗaya na ruwan tausasa tufafi a rabin litar ruwa, a fesa sama-sama a kujerar yadi a bari ta bushe, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu. In ka jiƙa soson, a laimar Legas fumfuna za ka gayyato.

Wutsiyar roba da ake ɗaurewa ƙarƙashin mota tana jan ƙasa ba ta da amfani sosai ga ƙaramar mota. Cajin a jikinka yake, kuma baƙin sinadarin da ke cikin taya dama yana sauke na bodin. Da yawansu zallar roba ce ba waya a ciki, mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, zai tabbatar maka da mita. Munduwar hannu marar waya da ake cewa tana sauke caji kuwa, kar ka ɓata kuɗinka.

Duk wanda ka saya, haɗa shi da abin da ba a biya: buɗe ƙofa, kama ƙarfe tun kafin bayanka ya bar kujera, kar ka saki sai ƙafafu biyu sun taka ƙasa. Hannun ƙofa na ciki galibi roba ne, ka kama gefen ƙofar ko ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin bodi, kana kula kar wani ya rufo ƙofa a kan yatsunka.

A gidan mai abin ya wuce zafin yatsa, domin tartsatsin nan na iya kunna tururin fetur. Idan ka fito ana zuba mai, kar ka koma ka zauna ka sake fitowa ka nufi bakin tanki. In ya zama dole, taɓa bodi nesa da tankin tukuna. Jarka kuma a sauke ta ƙasa kafin a zuba, ba a cikin but ba. Dalilin nan ne ya sa ake maƙala wa tanka wayar ƙasa kafin lodi a daffon Apapa.

Jan da ke ci gaba muddin hannunka na kan ƙarfe, ko wanda ke zuwa sai inji na aiki, ba daga kujera yake ba. A duba wayoyin fulogi, kwayil, da duk wata inbata da aka jona wa motar. Wannan aikin mai rewaya ne, kuma a kai masa a ranar.