Kafin ka biya kuɗin kwastoman ɓoye, tambayi wa ke duba rahoton

Wani abokina mai shagunan waya uku, biyu a Computer Village da ke Ikeja ɗaya a Agege, ya kira ni wai ciniki ya ja baya, amma duk sanda ya leƙa sai ya tarar da yaran kamar limamai, "sannu da zuwa Alhaji" har da russunawa. To ai dole, mai gida ne ya shigo. Abin da yake buƙata shi ne wanda ba su sani ba, ya shiga ya taya kaya ya saya, ya dawo da labarin yadda aka yi masa, wato kwastoman ɓoye. Hanya uku ce a gabansa.

Mafi araha ka tura ƙaninka ko yaron unguwa, kuɗin danfo da na abinci shi ke nan. Matsalar mu Hausawan Legas mun san juna, daga Agege har Idi-Araba kowa ɗan gidan wani ne, kafin ya gama sallama an gane shi, kuma ko ba a gane shi ba abin da zai kawo maka bai wuce "wallahi Yaya babu laifi" ba.

Akwai masu yin aikin su kaɗai. Wasu sun iya sosai, sai dai babu mai duba bayansu, in ya rubuta shirme haka za ka karɓa.

Sai kamfani, wanda ya fi tsada, kuma ƙarin kuɗin nan rabinsa na edita ne a ganina, mutumin da ba za ka taɓa gani ba. Shi ke karanta rahoto kafin ya iso gare ka, ya gwada lokacin da ke jikin rasit da wanda aka rubuta, ya lura in an zaɓi "eh an gaishe ni" a fom alhali a bayani an ce ba wanda ya ɗago kai. Dubi bambancin "yaron ba shi da kirki" da "na shiga 2:15, mutum biyu ne a kanta, ɗaya na danna waya, minti shida ba wanda ya kula ni, da na tambayi garanti ya ce in jira oga". Na farko ra'ayi ne, ba ka isa ka tuhumi kowa da shi ba. Na biyun ko a gaban yaron ka karanta ba ya da bakin musu.

Amma fa kamfani suna suka tara. Ka ce su nuna maka tsohon rahoto ɗaya da aka goge sunaye, sannan ka tambaye su me edita ke yi in ya ga giɓi. In yana mayar wa mai sayayyar da tambaya, madalla. In da kansa yake cikewa don turancin ya yi daɗi, gudu, domin shi bai je shagon ba, musamman in da Hausa ko Fijin (turancin buroka) aka yi cinikin, wajen gyara nahawu sai a gyara har abin da ya faru. Tambayi kuma yadda suke mu'amala da masu yi musu sayayyar. Da yawa suna ba da maki ɗaya zuwa goma, suna son rahoto cikin awa 24, kuma wanda ya sha go-sulo daga Lekki ya iso gida goma na dare sannan edita ya zaftare masa maki kan waƙafi ba tare da bayani ba, gobe ba zai karɓi aikin ba, sai a turo maka sabon shiga.

Abokin nawa dai kamfani ya ɗauka na shagunan Ikeja, da sharaɗin hoton rasit a kowane rahoto. A shagon Agege kuwa ya ce a turo Bayerabiya.