Ƙoƙon kai ko mai ƙaho: wanne za ka kwaikwaya cikin zanukan Basquiat biyu na 1982?

Ɗan'uwa mai neman wanda zai kwaikwaya don aikin makaranta ya kuma sayi bugunsa, ɗauki ƙoƙon kan.

Zanukan biyu, na ƙoƙon kai da na shaiɗan mai ƙaho, dukkansu mai zane Ba'amurke Jean-Michel Basquiat ya yi su a 1982 yana ɗan shekara 21, dukkansu bai sa musu suna ba, kuma dukkansu sun taɓa shiga hannun attajirin nan na Japan, Yusaku Maezawa. Kamanninsu ke nan.

Ƙoƙon kan a New York ya zana shi, tsawonsa santimita 183, faɗinsa 173, wato kusan murabba'i, shi ya sa ko an ƙanƙanta shi a takarda bai rasa kwarjininsa. Matsa kusa ka ga yadda aka gina shi: shuɗin fentin akirilik ya hau kan wasu alamu da haruffa, bai rufe su duka ba, sannan baƙaƙen layukan kai da haƙora, ga ja da fari da rawaya suna zubowa. Kayan aikin uku ne, akirilik, fentin feshi da sandar fenti mai maiƙo. A nan ɗalibai ke faɗuwa. Akirilik ruwa ne tushensa, ba ya kama maiƙo, in ka shafa shi kan layin sandar zai ɓare daga baya. Fara da akirilik, bari ya bushe, yi feshi, sandar ta zo ƙarshe, ka ba ta kwanaki kafin ka taɓa.

Tarihinsa a kasuwa ma ya fi daɗin rubutu. A 1984 Jerry da Emily Spiegel suka saye shi a gwanjon Christie's kan dala 19,000, sai ya ɓace wa idon jama'a sama da shekara 30. Ranar 18 ga Mayun 2017 ya fito a gwanjon Sotheby's, ana sa ran dala miliyan 60, aka kwashe kusan minti goma ana tayi, Maezawa ya ɗauka kan miliyan 110.5. A lokacin babu aikin wani Ba'amurke da ya taɓa kai haka a gwanjo.

Mai ƙahon kuwa, a Modena ta Italiya aka yi shi, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne: dala miliyan 4.5 a 2004, miliyan 57.3 a Christie's a 2016, miliyan 85 a gwanjon Phillips a 2022. Amma faɗinsa kusan mita biyar ne, girman nan shi ne ƙarfinsa. Mayar da shi fosta, sai ya koma ɗan siririn ƙyalle mai ɗigon fenti.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallar “na asali” a intanet da takardar shaida. Kwamitin iyalan Basquiat mai tantance ayyukansa ya daina aiki tun 2012. A 2022 hukumar FBI ta kwashe zanuka 25 daga gidan adana zane na Orlando a Amurka bisa zargin jabu ne; kwalin da aka yi ɗayansu a kai yana ɗauke da salon rubutun kamfanin jigilar kaya na FedEx da aka ce sai 1994 aka fara amfani da shi, alhali Basquiat ya rasu a 1988. In manyan gidaje sun ci wannan ƙasa, mai saye ta waya fa? Sayi bugu mai lasisi daga kantin gidan adana zane, ka duba a rubuce akwai sunan magadansa.