Masauki a Abuja ga mai zuwa daga Zariya: inda nake ganin ya fi, da inda ake cutar mutane

Assalamu alaikum jama'a. Maganar wurin kwana a Abuja ce nake so mu ɗan tattauna, saboda kullum mutanenmu na Zariya suna kan hanyar nan, wani zai je hukumar jami'o'i ta NUC ko asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a Maitama kan harkar jami'a, wani hedikwatar NYSC, wani intabiyun biza, wani mara lafiya ya kai Babban Asibitin Ƙasa, kuma da yawa sai mota ta ɗaga daga Kwangila ta wuce Jaji sannan suke fara tunanin to yau a ina zan kwana.

Ka fara sanin cewa zirga-zirga a Abuja ba irin ta nan ba ce. A nan daga Samaru zuwa PZ ko Kongo kana ɗaga hannu ɗan acaɓa ko keke zai tsaya. Can kuwa tun 2006, lokacin da El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka hana acaɓa a tsakiyar gari, keke ma ba ko'ina yake shiga ba, sai tasi, sai Bolt da Uber da inDrive, sai motocin nan na haɗaka da suke cewa alon. Garin kuma a warwatse yake, tituna manya, tsakanin unguwa da unguwa tafiya ce. Shi ya sa kuɗin ɗaki kaɗai ba shi ne lissafi ba, sai ka haɗa da kuɗin motar zuwa da dawowa da kuma ƙarfe nawa ake son ganinka da safe.

Ni dai zaɓina, kuma ba na ɓoyewa, shi ne ƙaramin gest haus a Utako ko Jabi. Ba manyan otal-otal na bakin titi nake nufi ba, ina nufin irin gidajen nan da ke cikin layi waɗanda asali gidan zama ne aka mayar masauki, ɗakuna 'yan kaɗan, get ɗaya, maigadi ɗaya wanda kafin gari ya waye ya san fuskarka. Dalilina na farko wurin da suke. In mota ka biyo, za ka shigo ta Zuba ka bi titin Kubwa, tashoshin Utako da Jabi nan ne motocin Arewa da yawa suke sauke fasinja, ka ga ba sai ka sake ɗaukar shata mai tsada da jaka a hannu cikin dare ba. In jirgin ƙasa ka hau daga Rigasa, wanda ya fara aiki a 2016, ka sauka a Idu, nan ma Jabi ce unguwar kirki mafi kusa da kai. Da safe kuma mahaɗar Berger, inda ake samun motoci, na nan kusa, Wuse na nan kusa, Sakatariya da Babban Masallacin Ƙasa da ofishin jakadancin Amurka duk a Central Area suke, in ka fito da wuri minti sha biyar zuwa ashirin ka isa, Maitama ma haka.

Dalili na biyu, wanda ni a wurina ya fi na farkon ma, ba ka jin kanka baƙo a wurin. Kewayen kasuwar Utako da tasha cike yake da mutanenmu, akwai mai shayi da ke buɗewa tun bayan asuba, akwai masu tuwo da masa da 'yan tsire, akwai ƙananan masallatai da za ka taka da ƙafa ka samu jam'i. Wanda ya taɓa kwana a unguwar da sai ya kira mota kafin ya samu burodi ya san darajar wannan. Kuma a irin waɗannan ƙananan gidaje ana ciniki, in za ka yi kwanaki ka nemi manaja da kansa ka ce masa ranka ya daɗe zan ɗan jima, a duba min, yawanci ana ragewa, musamman ƙarshen mako da baƙin ofisoshi suke raguwa.

Amma ko a can ba kowane za ka faɗa ba. Ka ce a nuna maka ɗakin kafin ka ciro ko sisi. Ka kunna esi ka tsaya kamar minti biyu ka sa hannu ka ji iskar, domin wani ƙara kawai yake yi. Ka shiga bayi ka murɗa famfo, ka duba akwai bokiti da buta, da yawa ba sa ajiye buta sai ka tambaya. Ka ɗaga zanin gado ka kalli ɗinkin katifa ko akwai ɗigo-ɗigon baƙi na kuɗin cizo. Ka duba ragar taga, sauron Abuja a damina ba wasa, kuma daminarsu ta fi tamu tsawo, tun Afrilu har Oktoba. Sannan ka leƙa bayan gidan, in akwai mashaya ko irin lambun nan da ake kiɗa har dare ya raba to ka kama gabanka, haka in ka ga ana ba da ɗaki na awa-awa, wannan ba wurin da za ka kai iyalinka ba ne, kai ma ba wurinka ba ne.

Sai maganar wuta, ita kam ina da zafi a kanta. Kar ka tambaya wai akwai wuta? Kowa e zai ce. Ka tambaya ƙarfe nawa ake kashe janareta, kuma in an koma inbata tana ɗaukar esi ko fanka kawai. Wani dare cikin watan Maris a wani masauki a Garki, sun rantse min wuta awa ashirin da huɗu ce, sha biyun dare na yi suka kashe janareta, Nepa ba ta kawo ba, taga ba ta buɗuwa saboda an liƙe ta don esi, na jiƙa tawul na shimfiɗa a kan tayil na kwanta, wayata ta mutu, ga shi ƙarfe takwas ake jirana a ofis. Zafin Abuja na Maris da Afrilu mai gumi ne, ba busasshe irin namu ba, ba a iya barci a rufaffen ɗaki.

Sauran wuraren kuwa. Maitama da Asokoro, irin su Transcorp Hilton, in ofis ne zai biya bismillah, in aljihunka ne ka manta. Wuse 2 tsada da hayaniyar dare. Garki, su Area 1 zuwa Area 11, ba laifi kuma akwai kilishi mai kyau a Area 1, sai dai gine-ginen da yawa sun tsufa. Gwarinpa shiru amma ta yi gefe. Mararaba da Nyanya arha kam akwai, amma goslon safe kafin ka wuce mahaɗar AYA da ke Asokoro zai iya cinye maka awa biyu, arha ba ta ado. Zuba da Suleja na wanda dare ya yi masa ne kawai. Inda nake sassautawa shi ne in aikinka can gefe yake: mai zuwa JAMB a Bwari ya sauka Kubwa ko Dutsen Alhaji, mai harkar fasfo a Sauka ko jirgin sassafe ya nemi Lugbe a titin filin jirgi, mai jinya a asibitin koyarwa na Gwagwalada ya zauna Gwagwalada. Gidan ɗan uwa kuma alheri ne na kwana ɗaya ko biyu, amma ku tuna yawancin 'yan uwanmu a can ɗaki ɗaya ko biyu suke haya a bayan gari, kuma su ma asubanci suke yi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan, shotlet. Gidajen nan da ake hayar su na kwanaki, da kicin da falo, ana tallarsu a Instagram da Facebook da WhatsApp. Akwai na gaskiya, ban musa ba, in ku da yawa ne kamar 'yan biki zai iya yi muku sauƙi. Amma wallahi damfarar da ke ciki ta yi yawa. Yadda suke yi, za su kwashi hotuna da bidiyon gidan wasu, gida na gaske mai adireshi na gaske, su buɗe shafi, su sa farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa. Kana magana za a ce maka saura ɗaya kuma wani na shirin biya, ka tura rabi a riƙe maka. Ni an ci kuɗina ta wannan hanyar, na isa har ƙofar gidan da jakata bayan magariba, gidan na nan yadda yake a hoto har da kalar get ɗin, maigadi ya kalli wayata ya ce Alhaji wannan lambar ba tamu ba ce, kuma ba kai ne farkon zuwa ba. Na kira, an riga an yi bulokin ɗina.

Don Allah ku kula da waɗannan. In asusun da aka turo maka sunan mutum ne ba sunan masaukin ba, ka tsaya. In ka ce a yi kiran bidiyo a zagaya da kai cikin gidan yanzu-yanzu aka fara ce maka netwok ko ba na kusa, ka tsaya. Lambar waya da ka gani a Google Maps ma ba hujja ba ce, ana iya maƙala lambar ƙarya a kan otal na gaske. Mafi sauƙi ka roƙi wani naka da ke Abuja ya taka ya gani da idonsa, ko ka biya bayan makulli ya shiga hannunka, Utako da Jabi ba a rasa ɗaki sai dai in wani babban taron siyasa ake yi a gari.

Ko masu shotlet na gaskiyar ma suna da nasu salon, kuɗin kaushin. Za a karɓi kuɗin ajiya wai ko za ka ɓata wani abu, ranar fita a nuna maka tabo a labule ko rimot da dama can a fashe yake a ce an cire. Kana shiga ka ɗauki bidiyon komai, ka tura wa wanda ya ba ka makulli nan take don lokacin ya fito a saƙon. A otal kuma ka tambaya farashin da aka faɗa ya haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima ko sai an ɗora, ka karɓi rasit, ka kuma san cewa yawanci sha biyun rana ake fita, in ka wuce wasu rabin kwana za su caje ka. Direban tasha da zai ce yana da otal mai kyau zai kai ka, kamasho yake ci, a kanka za a fanshe.

Masu wan-cans, wato 'yan fashin da ke yawo da mota kamar ta haya, su ma suna da alaƙa da inda ka sauka, domin wanda ya kwana nesa shi ne ke tsayawa bakin titi da duhun asuba ko bayan isha yana tsayar da duk motar da ta zo. Motar za ta zo da fasinjoji a ciki, har da mace wani lokaci, duk nasu ne, su ƙwace waya su tilasta maka tura kuɗin asusunka. Ka shiga mota a tasha, ko ka kira ta waya ka duba lambar motar ta yi daidai da wadda ke allon wayarka kafin ka buɗe ƙofa, 'yan uwa mata musamman, ku tura wa wani na gida bayanin motar tun kafin ta tashi.