Sun samo mata jami'a mai suna, amma kwas ɗin ba a tantance shi ba

Ba zan kama sunan kamfanin ba, masu tura yara karatu waje sun san irinsu: shafi mai ƙyalli, hotunan ɗalibai cikin rigar yaye, da alƙawarin zaɓo maka jami'ar da ta fi ƙarfi a fannin injiniya. Da farko ban ga aibunsu ba. Matar da aka haɗa mu da ita tana da haƙuri, ta bi takardun ɗiyata ɗaya bayan ɗaya, ta taya ta gyara wasiƙar neman gurbi har ta yi kyau.

A wajen zaɓin ne aka yi mana sakiyar da ba ruwa. Yarinyar mekatironiks take so, fannin da ya haɗa kanikanci da lantarki da kwamfuta. Suka turo jerin jami'o'in Amurka, kowace da matsayinta a jadawalin QS mai jera jami'o'in duniya daga na ɗaya zuwa ƙasa, suka ja layi a ƙarƙashin ɗaya suka ce ita ce. A shafin tsangayar ga tambarin ABET nan ɓaro-ɓaro, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan injiniya a can, wadda asalinta ya koma 1932. Da bakina na tambayi matar ko digirin yana da amincewar hukuma. Ta ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ba ga tambarin nan ba?"

Karatu ya yi nisa sai ga waya da daddare, murya a sanyaye. "Baba, wani malaminmu ya ce kwas ɗinmu bai shiga jerin waɗanda ABET ta tantance ba tukuna."

Ashe ABET ba ta tantance jami'a a dunƙule, kwas-kwas take bi. Na gine-gine da na lantarki da na kanikanci duk suna ciki, tambarin nasu ne. Mekatironiks sabo ne a makarantar, kuma hukumar ba ta zuwa duba kwas sai ya yaye ɗalibi ko da guda ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai, jerin yana nan a shafin ABET kyauta, ka rubuta sunan jami'a ka ga komai. Mutumin da sana'arsa ke nan, da ita yake ci yake sha, a ce bai leƙa ba?

Kada wani ya ce mini ai takarda ce kawai. A jihohin Amurka da dama, wanda digirinsa ba shi da wannan tantancewar sai ya ƙara shekarun aiki kafin ya samu lasisin injiniya. Yarjejeniyar Washington ta 1989 ma, wadda Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya ke cikin waɗanda suka fara sa mata hannu, digirin da aka tantance kaɗai ƙasashen ke karɓa daga juna. Shi kuwa jadawalin da suka dogara da shi, kashi 30 cikin ɗari na makin ra'ayin malaman jami'o'i ne, kashi 20 kuma yawan ambaton binciken malamai. Ina ruwansa da ko an tantance kwas ɗin ɗiyata?

Tsakani da Allah, makarantar kanta ba ta da laifi a wurina. Yarinya ta turo mini bidiyon wani hannun ƙarfe da suka haɗa a ɗakin gwaji, yana tsintar kusoshi yana jera su a faranti, ita ta rubuta umarnin da yake bi. Na kalla har ban san adadi ba. Shugaban sashen ya amsa wasiƙata ba ɓoye-ɓoye: suna shirin neman tantancewar da zarar rukunin farko ya fita, kuma idan an amince, tantancewar kan iya komawa baya ta haɗa da waɗanda suka fita gab da lokacin. Amma ya ce ba zai yi mini alƙawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara cewa a bar maganar.

Amsar da kamfanin ya ba ƙorafina ce ta dawo da ni baya. Wai yarjejeniyarmu ta neman gurbi ce, kuma sun samo gurbi. Ko kalmar haƙuri babu. A ƙarshen imel ɗin har da tayin rangwame idan na kawo musu wani yaron. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Yanzu ɗiyata tana shirin komawa kanikanci, wanda ke cikin jerin, kuma akwai darussan da ta sha wahala a kansu da ba za a lissafa mata ba. Tauraro ɗaya, mafi ƙarancin maki, na ba su a sharhina, kuma duk wanda ya tambaye ni, zan ce masa ya nemi wasu.